Hannaye Uku da Faci ke Ratsawa: Darasi kan Tsaron Uwar Garken Linux

Gabatarwa

A ranar 7 ga Afrilu, 2014, aka sanar da duniya cewa an gano wata ɓaraka a cikin OpenSSL, wato manhajar da ke rufa asirin saƙonnin da ke kai-da-kawo tsakanin mutane da shafukan bankuna da na wasiƙu da na ma'aikatun gwamnati. A wannan rana kuma aka fitar da gyaranta, kyauta ga duk mai so. Amma a watan Janairu na 2017, bayan kusan shekara uku ke nan, Shodan, wanda aikinsa ƙidayar na'urorin da ke jone da intanet, ya tarar da na'urori kusan 200,000 da ba a yi musu wannan gyara ba. Magani yana nan, ba a sayar da shi, amma bai isa ga maras lafiya ba. Wannan darasi zai bi sawun irin wannan gyara tun daga inda aka rubuta shi har zuwa na'urar da ke bukatarsa, domin a ga inda yakan maƙale da kuma wanda alhakin ya rataya a wuyansa.

Ma'anar Wasu Kalmomi

Uwar garke ita ce kwamfutar da ke kwana ta tashi a kunne domin yi wa sauran kwamfutoci hidima. A cikinta ake ajiye shafukan intanet da wasiƙu da bayanan asusun banki da sakamakon jarrabawar ɗalibai. Da yawa daga cikin irin waɗannan na'urori suna aiki ne da Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. Tun daga watan Nuwamba na 2017, dukkan manyan kwamfutoci 500 mafiya sauri a duniya da Linux suke aiki.

Abin da Torvalds ya rubuta shi ne ƙwayar tsarin kawai, wato ɓangaren da ke sarrafa ƙwaƙwalwar na'ura da faifanta da hanyoyin sadarwarta. Sauran kayan aikin wasu mutane ne dabam suka rubuta su, kamar shirin GNU da Richard Stallman ya ƙaddamar a 1983. Masu tattara waɗannan sassa su daidaita su su zama abu guda su ne za a kira gidajen Linux a wannan darasi. Daga cikinsu akwai Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, da Red Hat, da kuma Ubuntu, wanda ya fito a 2004 bisa harsashin Debian.

Kowane gida yana raba manhajojinsa ne a ƙunshe. Ƙunshi ya haɗa fayilolin manhaja da lambar sigarta da jerin sauran manhajojin da take dogaro da su, da kuma umarnin inda za a ajiye kowane fayil. Debian 12, da aka fitar a 2023, ya zo da ƙunshi fiye da 64,000. Ana tara su a rumbun gidan, kuma manhajar da ke ɗauko su ta girka su ita ce APT a Debian da Ubuntu, ko DNF a Red Hat. Kafin ta girka komai sai ta duba hatimin lissafi da gidan ya buga, domin ta tabbatar ba a musanya kayan a hanya ba.

Shi kuwa faci, ma'anarsa ba ta yi nisa da wadda tela ko mai gyaran taya ya sani ba. Ɗan gyara ne da ake liƙawa a inda rubutun manhaja ya yage, ba tare da an sake ta gaba ɗaya ba. Tun daga 1999 ake bai wa kowace ɓaraka da aka bayyana lamba ta musamman mai farawa da CVE, sai shekara, sai lambar jeri, domin kowa ya san a kan wace ake magana.

Faci yakan bi ta hannu uku kafin ya yi amfani: hannun marubucin manhaja, da hannun mai ƙunshi a gidan Linux, da hannun mai kula da uwar garke. Kowane ɗaya daga cikinsu ya taɓa kuskurewa, kuma tarihi ya adana misalan.

Hannu na Farko: Marubucin Manhaja

Ɓarakar da aka buɗe darasin da ita ita ce CVE-2014-0160, wadda aka yi wa laƙabi da Heartbleed, wato zubar jinin zuciya. Asalinta wani ƙarin aiki ne da ake kira bugun zuciya. Idan kwamfuta biyu suna magana a asirce, ɗaya takan aika wa ɗaya ɗan saƙo ta ce a maido mata, don ta san abokiyar maganarta tana nan. Tare da saƙon takan faɗi tsawonsa. Alal misali, ta ce: ga kalmar "kaza", harafi 4 ce, a maido.

Kuskuren shi ne OpenSSL ba ta auna saƙon ta ga ko tsawon da aka faɗa gaskiya ne. Idan mai kutse ya aika "kaza" ya ce harafi 500 ce, sai uwar garke ta maido masa da kazarsa tare da harafi 496 na duk abin da ke maƙwabtaka da ita a ƙwaƙwalwa. A tambaya guda yana iya kwasar har kilobayit 64, kuma yana iya maimaitawa iya son ransa ba tare da ya bar sawu a littafin rajistar na'urar ba. A cikin abin da ya kwasa ana iya samun kalmomin sirri na mutane, har ma da mabuɗin sirri na ita uwar garken.

An shigar da wannan rubutu ne a ranar ƙarshe ta 2011, ya fita cikin siga ta 1.0.1 a watan Maris na 2012, ya kuma shekara biyu ba a lura ba, sai da Neel Mehta na Google da wani kamfanin Finland mai suna Codenomicon suka gano shi, kowa ta hanyarsa. Kamfanin Netcraft ya ƙiyasta cewa kimanin shafuka rabin miliyan ne abin ya shafa. Hukumar tara haraji ta Kanada ta bayyana cewa an sace lambobin shaida na mutane kimanin 900 daga na'urorinta ta wannan kafa. Gyaran kuwa layuka kaɗan ne: a auna saƙo, in tsawon da aka faɗa ya zarce na gaskiya a yi watsi da shi.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne halin da masu OpenSSL ke ciki a lokacin. Manhajar da manyan kamfanonin duniya suka dogara da ita, mutum ɗaya ne ke yi mata aiki na cikakken lokaci, gudummawar da take samu kuma ba ta wuce kimanin dala 2,000 a shekara ba. Bayan wannan ne Gidauniyar Linux ta haɗa kan wasu kamfanoni suka kafa asusun tallafa wa irin waɗannan manhajoji.

Hannu na Biyu: Mai Ƙunshi

Marubutan OpenSSL sun sa gyaran a siga ta 1.0.1g. Sai dai ƙalilan ne daga cikin masu kula da uwar garke ke ɗaukar manhaja kai tsaye daga marubutanta. Yawanci jira suke gidansu ya kawo. A nan aikin mai ƙunshi yake, kuma yana da wata dabara da ya kamata ɗalibi ya fahimta sosai.

Sabuwar siga takan zo da gyara, ta kuma zo da sauye-sauyen da ka iya rikita wasu manhajoji. Saboda haka gidajen da ke son kwanciyar hankali ba sa ɗaukar sabuwar siga ɗungurungum. Sukan zare facin kaɗai su liƙa shi a tsohuwar sigar da suka riga suka jarraba. Debian 7 yana amfani ne da OpenSSL 1.0.1e, kuma a kanta ya zauna, sai dai ƙunshin da aka gyara ya fito da lamba 1.0.1e-2+deb7u5. Ke nan wanda ya dubi farkon lambar kawai zai zaci na'urarsa tana cikin haɗari, alhali shaidar gyaran tana wutsiyar lambar. Hanyar tabbatarwa ita ce a nemi lambar CVE a sanarwar gidan ko a tarihin sauye-sauyen ƙunshin.

Wani amfanin tsarin ƙunshi shi ne, manhajoji da yawa a na'ura ɗaya suna aron OpenSSL guda ce. Idan an gyara ta sau ɗaya, duk masu aronta sun amfana.

Amma shi ma mai ƙunshi ɗan Adam ne. A 2006 wani mai kula da ƙunshin OpenSSL a Debian ya ga wata manhajar binciken kurakurai mai suna Valgrind tana ƙorafi a kan layi biyu, sai ya kashe su. Cire ɗaya daga ciki bai yi illa ba. Ɗayan kuwa shi ne ke zuba bazuwar lambobi a cikin injin ƙera mabuɗan sirri. Ƙarfin mabuɗi ya dogara ne ga rashin iya cankarsa, to da aka cire wannan layi sai abin da ya rage wa injin shi ne lambar aikin da ke gudana, wadda ba ta kai 32,768 ba. Ma'ana, ga kowane nau'i da tsawon mabuɗi a kan kowane irin inji, mabuɗan da ke iya fitowa ba su kai dubu 33 ba, adadin da ƙaramar kwamfuta za ta ƙera ta jera ta gwada ɗaya bayan ɗaya.

Luciano Bello, ɗan ƙasar Ajantina kuma ɗaya daga cikin masu aikin Debian, shi ya gano wannan, aka sanar a ranar 13 ga Mayu, 2008. Ubuntu ma ya gaji kuskuren, tunda daga rumbun Debian yake ɗiba. Abin lura a nan shi ne facin ya gyara injin, amma bai gyara mabuɗan da injin ya riga ya ƙera ba. Duk mabuɗin da aka yi a irin waɗannan na'urori tsakanin Satumba 2006 da Mayu 2008 sai da aka jefar da shi aka ƙera sabo.

Hannu na Uku: Mai Kula da Uwar Garke

Ko marubuci ya gyara, mai ƙunshi ya kawo, faci ba ya girka kansa sai an sa shi. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne na Equifax, kamfanin Amurka mai tattara bayanan basussukan jama'a.

A farkon watan Maris na 2017 aka fitar da gyaran wata ɓaraka mai lamba CVE-2017-5638 a cikin Apache Struts, kayan aikin da ake gina shafukan intanet da su. Ranar 9 ga watan, kamfanin ya aika wa ma'aikatansa umarnin su yi facin cikin awa 48. Wata na'ura da ke karɓar ƙorafin jama'a ba ta samu ba, binciken da aka yi bayan 'yan kwanaki kuma bai gano ta ba. Masu kutse suka shiga ta nan a tsakiyar watan Mayu, suka kwana 76 suna ɗibar bayanai. Na'urar da ya kamata ta ga fitar bayanan ba ta gani ba, domin takardar shaidarta ta lissafi ta daɗe da ƙare wa'adi ba a sabunta ba. Aka kwashe bayanan mutane kimanin miliyan 147. Shugaban kamfanin ya sauka a watan Satumba, a 2019 kuma kamfanin ya amince da biyan diyya da tara da za su iya kaiwa dala miliyan 700.

Struts ba sashen Linux ba ne, amma darasinsa ya shafi kowane mai kula da Linux. Irin waɗannan kayan aiki sau da yawa maginan shafi ne ke cusa su a cikin manhajarsu, ba ta hanyar rumbun gida ake girka su ba. Abin da bai shigo ta hannun APT ko DNF ba, ba su san da zamansa ba, ba kuwa za su gyara shi ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da mai gida bai san da ita ba ita ce ba ya toshewa.

Sabo Ba Shi ne Lafiyayye Ba

Kada mai karatu ya ɗauka cewa mafita ita ce a riƙa girka duk abin da ya fito da ɗumi-ɗuminsa. Abin da ya faru da XZ Utils, wata ƙaramar manhajar matse fayiloli da ke cikin kusan kowane gidan Linux, ya nuna akasin haka.

Lasse Collin ya shekara da shekaru yana kula da XZ a matsayin aikin sa kai. A 2021 wani da ya kira kansa Jia Tan ya fara aiko masa da gyare-gyare masu kyau, wasu sunaye kuma suka riƙa matsa masa lamba cewa aikin yana tafiyar hawainiya. Sannu a hankali Jia Tan ya samu amana har ya zama mai fitar da sababbin sigogi. A watan Fabrairu da Maris na 2024 ya fitar da siga ta 5.6.0 da ta 5.6.1, ɗauke da ɓarauniyar ƙofa da aka ɓoye a cikin fayilolin gwaji. An tsara ta ne domin ta bai wa mai riƙe da wani mabuɗi na musamman ikon sarrafa uwar garke ta hanyar SSH, wato ƙofar da masu kula ke shiga na'urorinsu daga nesa.

Andres Freund, injiniya a Microsoft mai aiki a kan rumbun bayanai na PostgreSQL, yana gwaje-gwajensa a bugun Debian na gwaji sai ya lura SSH na cin ƙarfin na'ura fiye da kima, shiga kuma ta ƙara jinkirin kimanin rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi har ya tono abin, ya sanar a ranar 29 ga Maris, 2024. Gurɓatacciyar sigar ta riga ta shiga bugun gwaji na Debian da na Fedora, amma ba ta kai ga tsayayyen bugun Debian ko na Ubuntu ko na Red Hat da ake aiki da su a uwar garke ba. Jinkirin da waɗannan gidaje ke yi kafin su karɓi sabuwar siga shi ne ya zama katanga. Ƙa'idar da za a ɗauka ita ce: facin tsaro da gida ya fitar a yi shi da gaggawa, sabuwar siga kuwa a bar ta ta sha gwaji tukuna.

Ayyukan Mai Kula da Uwar Garke

Daga waɗannan misalai ana iya tsamo ayyukan da suka wajaba a kan mai kula, bi da bi.

1. Ya san abin da ke cikin na'urarsa. Umarnin dpkg -l a Debian da Ubuntu, ko rpm -qa a Red Hat, yana jero duk ƙunshin da aka girka. Abin da aka girka da hannu kuma ya buɗe masa rajista ta dabam, da sunan wanda zai riƙa bibiyarsa.

2. Ya tabbata bugun da yake amfani da shi yana cikin wa'adin kulawa. Bugun Ubuntu mai dogon zango yana samun facin tsaro na shekara 5 ba tare da wani ƙarin tsari ba, na Red Hat na kamfanoni kuwa shekara 10. CentOS Linux 7 ya daina samun faci tun ranar 30 ga Yuni, 2024. Na'urar da ke kan bugun da wa'adinsa ya ƙare za ta ce babu sabon abu, ba don lafiyarta ƙalau ba, sai don an daina aiko mata.

3. Ya riƙa karanta sanarwar tsaro ta gidansa. Ta Debian tana farawa da DSA, ta Ubuntu da USN, ta Red Hat da RHSA. Kowace tana faɗin ƙunshin da abin ya shafa da lambar sigar da aka gyara.

4. Ya bambanta umarni biyu da sababbin ɗalibai kan rikita. Umarnin apt update jerin kayan da ke rumbu kawai yake sabuntawa, ba ya girka komai. Umarnin apt upgrade shi ne ke ɗauko ƙunshin ya girka. Akwai kuma unattended-upgrades, wanda za a iya saitawa ya riƙa girka facin tsaro da kansa kullum.

5. Ya adana kwafin bayanai kafin ya taɓa komai, in da hali kuma ya fara gwada facin a wata na'ura mai kama da ta aiki. Tsoron kada faci ya ɓata aiki shi ne babban dalilin da ke sa a jinkirta shi, maganin wannan tsoro kuwa shi ne gwaji da sanin hanyar komawa baya.

6. Ya sake tayar da abin da aka gyara. Manhajar da ke gudana tana riƙe da tsohon kwafi a ƙwaƙwalwa ko da an sauya fayil ɗin da ke kan faifai. Wanda ya girka gyaran Heartbleed bai sake tayar da manhajar shafinsa ba, ɓarakar tana nan yadda take. Manhajar needrestart tana nuna ayyukan da ke bukatar haka. Idan ƙwayar tsarin ce aka gyara, a galibin lokuta sai an kashe na'urar an kunna.

7. Ya tambayi kansa ko akwai abin da ya riga ya fita kafin facin. Bayan Heartbleed, wajibi ne a ƙera sababbin mabuɗai, a soke tsofaffin takardun shaida, a kuma sa mutane su sauya kalmomin sirri. Sauya kwaɗo ba ya maido da kayan da ɓarawo ya riga ya fitar.

8. Ya cire duk abin da ba a amfani da shi. Manhajar da babu ita a na'ura ba ta bukatar faci.

Kammalawa

An ga yadda rashin awo guda a hannun marubuci ya buɗe asirin shafuka rabin miliyan, da yadda kashe layi biyu a hannun mai ƙunshi ya raunana mabuɗan kusan shekara biyu, da yadda na'ura ɗaya da aka manta ta jawo asarar bayanan mutane miliyan 147. A misali biyu na farko, da zarar an gano kuskuren gyara ya fito tare da sanarwarsa, domin marubuta da gidajen Linux suna aiki ne a bainar jama'a, idanu da yawa na kansu. Hannu na uku shi ne wanda ba mai dubawa sai mai shi. Babu wani a Debian ko Red Hat da ya san adadin na'urorin da ke ɗakin kwamfuta na wata jami'a ko wani asibiti, balle ya san ranar da aka yi musu faci na ƙarshe. Saboda haka ɗalibin da aka damƙa wa uwar garke, abin da ya fi dacewa ya fara da shi a ranarsa ta farko shi ne ya jero abin da ke cikinta, ya duba wa'adin bugunta, sannan ya nemi ranar da aka yi mata faci na ƙarshe.